KWALLIYA DA LAFIYA: Allurar bitamin don samun gashin 'yar fim, anya kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

A zamanin kaset, lokacin da Sangaya da Wasila ke tashe, idan budurwa ta ƙyasa wani abu a jikin jaruma, to bai wuce ɗinki ko ɗaurin ɗankwali ba. Kwalin kaset za ta ɗauka ta kai wa tela, ta ce irin wannan ta ke so, shi ke nan an wuce wajen. Yanzu kuwa da waya ta shiga hannun kowa, abin ya tashi daga tufafi ya koma kan jiki. Gashin jarumar ake so, da santsin fatar ta, da dogayen faratan ta. 'Yan kasuwa kuma ba su yi barci ba. Duk mai leƙa Instagram da TikTok ya san yadda tallar ƙwayar gashi, alawar gashi, allurar bitamin da ƙarin ruwan gyaran jiki ta cika ko'ina. Tallar da aka ɗauka a wani shagon kwalliya a Kano ko Abuja, kafin a yi sallar la'asar ta isa wayar amaryar da ke shirin biki a Birnin Kebbi, ko Argungu, ko garin Gulma. Wannan kuwa ba gulma ba ce, magana ce ta lafiya da ta aljihu.

Sunan da ya fi yawo a cikin tallar shi ne bayotin, wanda ake rubutawa Biotin a jikin kwalabe. Irin kalaman masu sayarwa kowa ya haddace su: "Hajiya, kwalba ɗaya kawai za ki sha, gashi har gadon baya!" Ko kuma: "Anti, ki yi allura uku kafin biki, ango ba zai gane ki ba!" To, mene ne wannan bayotin ɗin? Kuma da gaske ya na yin abin da ake cewa ya na yi?

Mene ne bayotin?

Bayotin bitamin ne na gaske, ba ƙarya ba ne. Ya na cikin dangin bitamin B, shi ne ake kira B7. A da ana kiran sa bitamin H, harafin da aka ɗauko daga kalmar Jamusanci mai nufin fata. Aikin sa a jiki shi ne taimaka wa wasu sinadarai guda biyar da ke sarrafa maiƙo da sukari da abinci mai gina jiki, su mayar da su ƙarfin da mutum ke aiki da shi. Idan babu shi kwata-kwata, jiki zai shiga uku.

Tarihin gano shi ma abin ban sha'awa ne. A shekarar 1927 wata mai bincike a Ingila, Margaret Boas, ta lura cewa ɓerayen da ake ciyarwa da farin ƙwai ɗanye su na yin ƙuraje, gashin su na zubewa. A 1936 wasu masana biyu, Kögl da Tönnis, su ka tace sinadarin daga gwaiduwar ƙwai. A 1942 kuma wani likita a jihar Jojiya ta Amurka, Virgil Sydenstricker, ya gwada abin a kan mutanen da su ka amince: aka riƙa ɗura masu farin ƙwai mai yawa na makonni, sai ga fatar su ta bushe ta na saɓa, ga kasala, ga baƙin ciki ba dalili. Da aka ba su bayotin, cikin 'yan kwanaki su ka warware. Daga nan labarin ya samo asali, cewa bayotin maganin gashi da fata ne.

Amma a lura da kyau: waɗancan mutanen sai da aka hana jikin su samun bayotin da gangan kafin su ka kamu. Abin da babba ke buƙata a rana ɗan mitsitsi ne, maikirogiram 30. Mai shayarwa 35. Maikirogiram kuwa shi ne giram ɗaya a raba shi gida miliyan. Dafaffen ƙwai guda ɗaya ya na da wajen 10. Hantar saniya giram 85, wato kamar tsinke biyu ko uku a wajen mai tsire, ta na da wajen 30, abin da ake buƙata na yini guda cur.

To, kwalaben da ake tallatawa fa? Galibin su ƙwaya ɗaya na ɗauke da 5,000 ko 10,000. Na 10,000 ɗin ya ninka buƙatar jiki fiye da sau 300. Shi kuma bayotin irin bitamin ɗin nan ne mai narkewa a ruwa. Jiki ya ɗauki abin da ya ke so, ragowar ya bi fitsari. Ma'ana, mafi yawan kuɗin Hajiya a makewayi su ke ƙarewa.

Wa ke rasa shi?

Ƙarancin bayotin akwai shi, sai dai ba kasafai ake samun sa ba ga mai cin abinci iri-iri. Alamomin sa sanannu ne a wurin likitoci: gashi ya riƙa sirancewa ya na zuba, har da na gira a wasu lokutan, jan ƙurji mai ɓawo ya zagaye ido da hanci da baki, ido ya yi ja, farce ya riƙa karyewa, ga kasala da damuwa, da jin tafin hannu da na ƙafa su na mutuwa ko su na tsira kamar ana soka allura. A jarirai ya kan zo da farfaɗiya da laushin jiki.

Waɗanda su ka fi shiga wannan haɗarin su ne: jariran da aka haifa da wata larura ta gado da ke hana jiki sake amfani da bayotin, wadda ake samu a wajen jariri 1 cikin 60,000 a duniya, masu shan wasu magungunan farfaɗiya na tsawon lokaci, mashaya giya, majinyatan da aka daɗe ana ciyar da su ta jijiya, sai kuma masu juna biyu, waɗanda na wasun su kan ɗan yi ƙasa. Irin waɗannan likita ne ke duba su, shi ne kuma zai rubuta adadin da ya dace.

Akwai rukuni na ƙarshe da ya shafi industiri kai-tsaye: masu shan ɗanyen ƙwai. Camfin nan na cewa ɗanyen ƙwai na gyara murya ya daɗe a tsakanin mawaƙa, haka ma samari masu ɗaga ƙarfe da ke son ƙirji irin na bos, da masu kaɗa shi a madara wai don ƙarin jini. Farin ƙwai ɗanye ya na da wani sinadari mai suna abidin, wanda ke damƙe bayotin a cikin hanji ya hana jiki tsotsar sa. Dafawa ke kashe ƙarfin sa. Ƙwai ɗaya jefi-jefi ba zai jawo ƙarancin ba, amma wanda ya mayar da shi karin kumallo, guda da yawa kullum har tsawon watanni, ya na neman abin da ɓerayen 1927 su ka samu. Ga kuma haɗarin ƙwayoyin cutar gudawa. Mawaƙi, a soya ko a dafa, muryar ba za ta gudu ba.

Me bincike ya ce kan gashi?

A nan gizo ke saƙa. A shekarar 2017 wasu likitocin fata a Amurka su ka tattaro duk rahotannin da aka buga na mutanen da bayotin ya gyara wa gashi ko farce. Su ka samu guda 18. Dukkan su, ba a cire ko ɗaya ba, mutane ne da dama can su na da wata larura da ta jawo matsalar. Ga mai lafiya wanda bayotin ɗin sa bai yi ƙasa ba, babu wata ƙwaƙƙwarar hujja da ta nuna ƙari zai tsawaita masa gashi. Tulun da ya cika, ko an kai shi Matan Fada ba zai ƙara ɗaukar ruwa ba.

Batun farce ma da ɗan abin dariya. Likitocin dabbobi ne su ka fara ba dawakai bayotin don ƙarfafa kofato, daga nan aka yi wasu ƙananan gwaje-gwaje a Suwizalan wajen 1990 a kan masu karyewar farce. An ga ɗan sauyi a wasu, amma mutanen kaɗan ne, kuma tsarin gwajin bai kai a kafa hujja da shi ba. Wato dokin hawan sallar Argungu ya fi amarya hujjar shan bayotin.

Sannan gashin ɗan'adam wajen santimita ɗaya ya ke tsirowa a wata. Duk wanda ya ce cikin sati biyu zai kai gadon baya, to sai dai in na kanti za a ɗinka. Kuma wannan shi ne sirrin da duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin ya sani: gashin da ake gani a fim sau da yawa ƙari ne ko hular gashi, santsin fuska aikin mai kwalliya ne da mai riƙe fitila, abin da ya rage edita ya ƙarasa a kwamfuta, a waya kuma akwai filta. Jarumar da ke riƙe da kwalba ta na murmushi, a mafi yawan lokuta aikin talla ta ke yi, an biya ta, kamar yadda ake biyan ta ta yi kuka a fim alhali babu wanda ya mutu.

Haɗarin da ba a faɗa a talla

Wani zai ce, to tunda ragowar na bin fitsari, ai asarar kuɗi ce kawai. Ina! Akwai abin da ya fi haka. Na'urorin gwajin jini da yawa a ɗakunan gwaji su na amfani da bayotin a cikin aikin su. Idan jinin mutum ya cika da shi, sai sakamakon ya fito a karkace. A watan Nuwamba 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi kan haka, ta kuma sabunta shi a 2019. Hukumar ta ce ta samu rahoton mutuwar wani majinyaci mai shan bayotin da yawa, wanda gwajin da ke gano bugun zuciya ya nuna masa sakamakon ƙarya, kamar babu matsala.

Haka gwajin maƙoƙo: mace lafiyar ta ƙalau, amma takarda ta nuna kamar ta na da cutar, a ɗora ta kan maganin da ba ta buƙata. Wasu gwaje-gwajen sinadaran haihuwa ma ya na iya rikita su. A yi tunanin matar da ta taso daga Gulma da sassafe, ta biya kuɗin mota zuwa Babban Asibitin Argungu ko Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, ta biya kuɗin gwaji, likita ya tambaye ta ko ta na shan wani magani, ta ce a'a, domin ita a wurin ta alawar gashi ba magani ba ce. Laifin ba na likita ba ne, ba na na'ura ba ne. Don haka duk mai shan bayotin ta faɗa tun kafin a ɗebi jini. Galibi akan ce a dakata da shi kwana 2 zuwa 3 kafin gwaji, amma likita ne zai yanke.

Allura da ƙarin ruwa

Yanzu a zo kan allurar kan ta. Yayin ƙarin ruwan bitamin daga Amurka ya taso. Wani likita a birnin Baltimo mai suna John Myers, wanda ya rasu a 1984, shi ne ya riƙa haɗa bitamin B da C da wasu ma'adanai ya na ɗura wa majinyatan sa ta jijiya. Daga baya taurarin Hollywood su ka ɗauka, su ka riƙa ɗaukar hoto da robar ƙarin ruwa a hannu, abin ya bi Dubai da Legas ya iso Arewa. A 2018 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ɗauki mataki kan wani kamfanin ƙarin ruwan bitamin saboda iƙirarin warkar da cututtuka ba tare da hujja ba. A 2023 wata mata ta mutu a jihar Tekzas bayan an yi mata ƙarin ruwa a shagon gyaran jiki, lamarin da ya sa jihar ta kafa sabuwar doka a 2025 kan wanda ya cancanci yin wannan aiki. Can ke nan, inda ake da motar ɗaukar majinyaci a bakin ƙofa.

Gaskiyar magana, bayotin na shiga jini sosai idan an sha shi ta baki. Mai lafiyayyen hanji ba shi da dalilin a soka masa allura. Ita kuwa allura ƙofa ce ake buɗewa kai-tsaye zuwa jini. Idan ba a tsaftace ba, ga ƙurji mai ruwa, ga gubar jini. Idan an maimaita sirinji ko an yi amfani da kwalba ɗaya ga mutane da yawa ba bisa ƙa'ida ba, ga ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Akwai kuma waɗanda jikin su ke ƙin maganin nan take, numfashi ya sarƙe. Idan babu likita da allurar ceto a kusa, minti kaɗan ya isa. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya, ruwan da aka ɗura da sauri shi kaɗai na iya kwantar da shi.

Wani abin kuma, ba a cika sayar da bayotin shi kaɗai ba. Sau da yawa ana cakuɗa shi da gulutatayon, wanda a kasuwa ake kira allurar fari. Hukumar magunguna ta Filifin ta yi gargaɗi kan wannan allurar tun 2011, ta ambaci illa ga ƙoda da maƙoƙo da wata muguwar cuta mai saɓule fata. A nan gida, a farkon 2023, shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana a Kano cewa bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Kalmar bitamin ta zama mayafin da ake lulluɓe bilicin da shi don kada a ji kunya.

A kuma sani, mai kemis na unguwa lasisin sa na sayar da ƙananan magunguna ne, bai haɗa da yin allura ko ƙarin ruwa ba. Mai gyaran amarya kuwa, gwanintar ta dilka ce da halawa da lalle da turare, kuma Allah ya ba ta sa'a a kan su. Jijiya ba fagen ta ba ce.

To, me ke zubar da gashin?

Tambayar da ya kamata a fara yi ke nan kafin a zaro kuɗi. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, haka Allah ya tsara. Idan ya wuce haka, dalilan da aka fi samu a nan yankin ba su da alaƙa da bayotin.

Na farko ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 58 cikin 100 masu shekaru 15 zuwa 49 a Nijeriya na fama da shi. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki na zubar da gashi, kuma gwajin sa ba shi da tsada. Na biyu haihuwa: wata biyu zuwa huɗu bayan an sauka gashi kan zube sosai, ya kuma dawo da kan sa kafin yaro ya shekara. Na uku zazzaɓi mai zafi, irin na taifot ko maleriya, wanda yankin fadama ya sani sarai da damina. Bayan an warke da 'yan watanni sai a ga gashi a jikin mataji. Na huɗu ciwon maƙoƙo. Na biyar, wanda mata ba su son ji: kitso mai tsauri, ƙarin gashi mai nauyi, da man miƙar da gashi da ake bari ya ƙona fatar kai. Wannan shi ke cinye gashin goshi, kuma idan aka daɗe ana yi saiwar ta mutu, babu ƙwayar da za ta tashe ta. 'Yan wasa mata da ke sauya kitso kusan kowane lokeshin su ne kan gaba a nan. A yara kuma akwai makero, wanda maganin sa daban ne.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya na da nasa magani. Wadda ta shafe wata shida ta na shan alawar gashi alhali jini ne ya yi mata ƙaranci, ta yi asarar kuɗi, ta kuma yi asarar wata shida.

Arzikin da ke tukunya

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, yankin da ake aika wa wannan talla na cikin wuraren da Allah ya wadata da abincin da ke ɗauke da bayotin. Gulma na ƙaramar hukumar Argungu, ƙasar Kabawa, ƙasar su da noman fadama. Bikin kamun kifin Argungu, wanda ya samo asali a 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kifi na da nasa kason na bayotin, haka gyaɗa da ƙuli-ƙuli, haka dankalin Hausa, haka ƙwan kaza da na zabi idan an dafa, haka nama, uwa-uba hanta. Tuwon shinkafa da miyar gyaɗa da ɗan kifi, ga dafaffen ƙwai da safe, ga hanta sau ɗaya a mako: an biya bashin bayotin, har da ribar ƙarin jini wanda kwalbar kanti ba ta bayarwa. Mai juna biyu dai ta yi hankali da yawan cin hanta, ta tambayi ma'aikatan awo.

Saura kira ga 'yan fim. Masu kallo na ɗaukar maganar ku da nauyi fiye da yadda ku ke zato. Yarinyar da ke ƙauye ba ta san an biya kuɗin talla ba, ba ta san akwai filta ba. Ita dai ta ga jarumar da ta ke ƙauna ta ce ta gwada kuma ya yi mata. Kafin a karɓi kwangilar tallar abin da za a sha ko a soka a jiki, a duba lambar NAFDAC, a tambayi likita ko masanin haɗa magunguna, a kuma tambayi kai: da ƙanwa ta ce, zan bari a yi mata? Furodusoshin da ke cusa irin wannan talla a tsakiyar fim mai dogon zango, su ma tambayar na kan su.

Ke kuma amarya, idan gashi na zuba, asibiti za a fara zuwa a auna jini. A sassauta kitso, a huta da ƙari na ɗan lokaci, a gyara tukunya. Idan likita ya duba ya ce bayotin ne ya yi ƙasa, to a sha yadda ya rubuta, a kuma tuna a faɗa duk ranar da za a yi gwaji. Biki kwana uku ne ko bakwai, ƙoda da hanta kuwa da su za a zauna gidan miji. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kuma sa a gama da duniya lafiya.